Sunan Yanka a Lasifika

A shekarun da kuɗin fetur suka fara malalowa ƙasar nan, lokacin da duk wanda ya samu ƙarin albashi sai ya sayi rediyo ya rataya a kafaɗa, an yi wani mutum a Roni ana ce masa Bunu. Kakanninsa daga gabas suka zo da fatauci suka zauna, suka bar wa zuri'arsu gonaki da mutunci. Shi Bunu gonar ya bar wa ciyawa, mutuncin kuwa yana ta gutsurarsa kaɗan-kaɗan. Ya yi elementare, ya taɓa zama masinja a wani ofishi a Kazaure har aka gaji da shi aka ce ya je gida ya huta. Tun daga nan bai ƙara yarda akwai wanda ya fi shi boko tsakanin Roni da Babura ba. Aljihun rigarsa kullum cike yake da biro, rabinsu marfi ne kawai.

Ana nan sai gidan rediyo ya fara wani shiri na mako-mako, inda wani malami ke ba masu sha'awar rubuta littafi shawarwari, domin an buɗe makarantu ko'ina, yara sun yi yawa, abin karantawa ya yi kaɗan. Malamin nan mutum ne mai natsuwa. Yakan faɗi kan shawara, sannan ya zauna ya warware ta dalla-dalla. Bunu bai taɓa jin warwarar ba. Da zarar an faɗi kan magana sai ya murɗe rediyon ya ce, "Na gane. Sauran bayanin na masu taurin kai ne."

Wata rana ya isa gindin ɗurumin da Na'Allah wanzami ke aski, inda nan ne majalisar unguwa, ya gyara hula ya yi shela.

"Kafin a gama cirar gyaɗa littafina zai shiga kowane aji daga nan har Babura. Duk wanda ke son gaisawa da ni ya gaisa yanzu, don nan gaba sai da iso."

Na'Allah yana wasa aska bai ko ɗago ba. "Malam Bunu, wasiƙar da ka rubuta wa ƙanena zuwa Kano har yau ana neman mai iya karanta ta."

"Laifin mai karatu ne. Rubutun manya ba kowane ido ke ɗaukarsa ba."

"To Allah ya ba mu ido."

Shawarar farko da ya cafke ita ce marubuci na buƙatar wuri shiru. Ya shiga gida ya tarar da matarsa Habiba tana daka. Habiba mace ce mai haƙuri, irin haƙurin da har maƙwabta ke jin haushinsa. Ya karɓe taɓaryar daga hannunta ya cilla kan rufin ɗaki.

"Malam, in ba a daka ba me za a ci?"

"Marubuci ba da ciki yake aiki ba."

Da almuru ta yi cikin marubuci ya fara ƙugi, ya leƙo ya ce, "Habiba, ina tuwo?"

"Yana kan rufin ɗaki, shi da taɓarya."

Da wani ne da ya hankalta a nan, amma Bunu sai ya ƙara gaba. Ya kai zakaransu ajiya wajen maƙwabta don cara na katse masa tunani. Sannan ya ga ɗakin Habiba ya fi nasa haske, ya ce nan ne ofis. Jeren kwanukan da uwarta ta yi shekaru tana tara mata ya kwashe ya jibge a tsakar gida, wai ƙyallinsu na ɗauke masa hankali. Tumaki suka shigo suka bi ta kai, abin da bai lotse ba ya ɓantare. Habiba ta dawo daga gidan suna ta tsaya ta dubi kwanukan nan. Ta ɗaure kayanta ta tafi yaji Gwiwa, gidan uwarta Hajja Kaka.

Gida ya yi shiru irin wanda ake nema, sai dai shirun ya hana Bunu sakat. Abin ya taɓa shi ƙwarai, don duk shirmensa yana son matar nan, kuma ya san ba zai samu wata mai jure masa ba. Amma da ya fito majalisa cewa ya yi, "Hutu na ba ta, don aikin ya kankama."

Mako ya zagayo, malamin rediyo ya ce marubuci ya rubuta abin da ya gani da idonsa, ya kuma saurari yadda mutane ke magana. Yana cewa "amma fa" Bunu ya murɗe. Ya ɗauki takarda ya shiga gari laɓe.

Ya fara da Amarya mai ƙosai, wata tsohuwa da aka kawo ta aure Roni tun zamanin Turawa, sunan amarci ya bi ta har haƙora suka zube. Ya tsuguna bayan dangarta ya ji tana gaya wa jikarta a juye man jiya cikin na yau, ba mai ganewa. Yana cikin rubutawa ta watso ruwan wankin wake ta saman danga, ya sauka a kansa har cikin kunne.

"Wa ke nan?"

"Ni ne, Iya. Bincike nake."

"To ka samu?"

Daga nan ya wuce gidan Maikasuwa, babban mai sayar da hatsi na garin. Ya ga in ya tsaya a fili ba za a saki baki ba, sai ya haye rumbu ya zura jiki ya lafe cikin gero. Ya kuwa ji abin da ya je nema, Maikasuwa na koya wa masu yi masa awo yadda ake zuba tsaba mai kyau a bakin buhu a bar mai tsakuwa a ƙasa. Sai dai ƙaiƙayi bai san marubuci ba. Bunu ya yi ta susa, ya yi ta danne hanci, har atishawa ta ƙwace masa. Aka yi ca da sanduna ana cewa ɓarawo a rumbu, kuma sai da ya sha masu kyau a gadon baya kafin aka gane fuskar.

Maikasuwa ya riƙe haɓa. "Bunu, yunwar har ta kai haka? Ai da ka yi magana."

"Alhaji, ba gero na zo ɗauka ba, zance na zo ɗauka."

"A rumbuna ake ajiye zance?"

Da kumburin baya ya saɓe, Bunu ya hau kekensa ya tafi biko Gwiwa. Hajja Kaka dattijuwa ce da ake shakka. Ba a ɗaura aure ko a raɗa suna a unguwarsu ba a nemi bakinta ba, kuma in ta yi tari matan gida sukan gyara zama. Bunu ya tuɓe takalmi tun daga zaure, ya durƙusa nesa da ƙofar ɗakinta, kai a ƙasa, kamar yadda suruki ke yi.

"Hajja, barka da hutawa."

"Yauwa. Mai hana daka ne?"

"Aikin ilimi ne ya kawo haka, Hajja."

"Ni ban san littafi ba," in ji ta daga bayan labule, "amma na san aiki, in an yi shi ana ganinsa. Ka kawo abin da ka kori 'yata saboda shi a karanta a zauren nan, dattawa su ji. In sun ce aiki ne, ta bi ka. In sun ce taɓuwa ce, ni ba na ba taɓaɓɓe 'ya."

Ƙofa ce aka buɗe masa mai sauƙi, dattawa kaɗan, a sha fura a yi dariya a sallame shi da matarsa. Amma bakin Bunu ya riga hankalinsa.

"Zaure ya yi wa littafina kaɗan, Hajja. Ranar kasuwar Gwiwa zan karanta shi, a lasifika, kowa ya ji."

"Kai ka faɗa."

A hanyar komawa dabara ta zo masa. Zai sa Hajja Kaka cikin littafin ta zama ita ce tauraruwa, ya yabe ta har zuciyarta ta narke. Ya zauna ya cika shafuka da yabo. Sai malamin rediyo ya ce kada a yi tauraro marar aibi, don ba a yi ɗan Adam haka ba. Bunu ya tuna Habiba ta taɓa gaya masa a asirce cewa tsohuwar na cusa garin taba a leɓe in ba kowa, ya ce ga aibi ya samu, ya rubuta. Mako na gaba malamin ya ce in ka ɗauko mutanen gaske to lalle ka canja musu suna. Bunu ya murɗe rediyo ya nufi gindin ɗurumi, ya miƙa wa Na'Allah kai a yi masa aski.

"Na'Allah, a ƙasar nan wa ake kira da sunansa? Kai Na'Allah, shi Maikasuwa, ita Amarya. Duk laƙabi ne. Sunan yanka tun ranar suna ake binne shi, uwa ba ta faɗa, mata ba ta faɗa, 'ya'ya ba su faɗa. To in ana son ɓoye mutum, ina maɓoyar da ta fi sunan da ba wanda ke kiransa da shi?"

Na'Allah ya tsayar da aska. "Wato ka ɓoye mutum cikin sunansa."

"Ka ga inda boko ya fi wanzanci ke nan."

Wanzami kuwa shi ke aski ranar suna, shi da ubansa da kakansa, don haka sunayen gari a zabirarsu suke. Na'Allah mutum ne mai son kallo, ya ce Maikasuwa dai Muhammadu Lawal ne, Amarya kuma Mairo, ya ji a bakin ubansa da ya halarci bikinta. Da aka zo kan Hajja Kaka sai ya noƙe.

"Wannan kam bakina ba zai ɗauka ba."

"Ashe ba ka sani ba. Da ma na ce sanin naku iyakarsa Roni."

Wannan ta soki Na'Allah, don ubansa ne ke yi wa gidan su Hajja ƙaho tun tana yarinya. Ya waiga hagu da dama, ya sunkuya ya raɗa masa a kunne. Yana raɗawa ya yi nadama.

"Malam Bunu, surukarka ce fa. Suruki ko a zuci ba ya..."

"Na gane," in ji Bunu, ya miƙe da rabin aski.

Ranar kasuwa Gwiwa ta cika ta batse. Bunu ya yi yarjejeniya da wani mai tallan maganin tsutsar ciki ya ara masa lasifikarsa, aka kafa duro a tsakiyar 'yan hatsi ya haye. Hajja Kaka na zaune kan tabarma a inuwa da tsofaffin unguwarsu, Habiba na bayanta a lulluɓe. Maikasuwa ya kawo buhunansa cin kasuwa, Amarya ta kafa kaskonta, Na'Allah ya baro aski ya zo ya tsaya gindin duro. Bunu ya hura lasifika ta yi ƙara har jakuna suka zabura, sannan ya fara.

"A wani gari, ba zan faɗi sunansa ba, akwai wani mai hatsi ana ce masa Muhammadu Lawal. Bakin buhunsa tsaba, gindin buhunsa tsakuwa."

Jama'a suka fashe da dariya, kowa na tambayar na kusa da shi ko wane ne. Da Maikasuwa ya daure ya yi shiru da an wuce wurin. Ina, jin sunan nan a sararin Allah ya ɗaga shi tsaye.

"Kai Bunu, ni ɗan fari ne. Ubana ya mutu bai taɓa kirana haka ba, sai kai?"

Kasuwa ta juyo gaba ɗaya. Wani ya ce, "Ashe Alhaji ne." Waɗanda suka sayi gero a wajensa da safe suka fara kwance bakin buhu suna zura hannu har gwiwar hannu.

Bunu bai ko dubi wajen ba, ya juya shafi. "Akwai kuma wata Mairo mai ƙosai, man jiya shi ne na yau, na yau shi ne na gobe."

Matsamin kwasar ƙosai ya taso daga wajen kasko ya wuce ta gefen kunnensa.

"Mairo a bakinka?" in ji Amarya. "Ni da na ɗauke ka ranar da aka haife ka, kana tsala kuka kamar ɗan akuya?"

"Jama'a ku shaida," in ji Bunu ta lasifika, "ni ban ce su ne ba. Su suka tona kansu. Abin da ake ce wa ƙwarewa ke nan."

Na'Allah ya kama ƙafar wandonsa yana ja. "Malam Bunu, sauko haka nan, ya isa."

"Sakar mini wando, yanzu za a zo wajen daɗin."

Ya gyara murya, ya dubi inuwar da surukarsa take, ya yi murmushin wanda zai ba da kyauta.

"Amma duk ƙasar nan ba mace kamar Gumsu."

Samari ba su gane komai ba. Tsofaffin da ke kan tabarma kuwa sai suka sandare, wata ta saki goron da ke hannunta. Habiba ta toshe kunnuwa da hannu biyu ta dunƙule, don ita kanta ba ta taɓa jin an kira uwarta da sunan nan ba. Bunu ya ɗauka daɗi ne ya kama su, ya ƙara murya.

"Gumsu mai alheri. Gumsu mai tuwon baƙi. Gumsu uwar marayu. Aibinta ɗaya ne, in ta ga ba kowa sai ta ɗaga leɓe ta cusa garin taba, in an shigo ta ce ciwon haƙori take."

Lasifikar mai magani ba ta da kunya, ta kai maganar har rumfar mahauta. Wata tsohuwa ta ce, "Innalillahi, suruki ne fa," kuma wannan ta ishi kasuwa bayani. Yara suka ɗauka suna tafi suna maimaita sunan. Mai magani ya ga za a haɗa da jarinsa, ya fizge waya. Maikasuwa, da masu gero suka sa shi gaba, ya ɓalle ya zo ya tokari duro da ƙafa, Bunu ya tafi da baya ya faɗa cikin tarin barkono, takardunsa suka watse iska na wasa da su. Ya tashi yana atishawa yana hawaye yana cewa ai saura babi na biyu.

Hajja Kaka ta miƙe a hankali, ta gyara mayafi. Ba ta dube shi ba, Na'Allah ta duba.

"Wanzam, gaya wa mijin Habiba. Ni da na girmi uwarsa ban taɓa kiran sunansa ba. Sunan nan nawa, ubana ya raɗa mini, uwata ba ta taɓa faɗarsa ba, maigidana ya koma ga Allah bai furta shi gaban mutane ba. Shi ya ɗauko ya zubar a kasuwa. To ya tsince shi tas ya mayar inda ya ɗauko. Ranar da na zaga Gwiwa ban ji shi a bakin kowa ba, ya zo ya ɗauki matarsa."

Ta juya ta tafi, Habiba na bin ta tana kuka.

Gaskiya Bunu ya wahala, kuma a nan ko maƙiyinsa ya tausaya masa. Kowace kasuwa yana Gwiwa, rumfa-rumfa, yana roƙon mutane su manta. Ya saya wa yara alewa don su daina waƙar sunan, suka gane in sun yi waƙar ake ba da alewa, suka ƙara ƙaimi. Ya rame, ya daina sa biro a aljihu, ya sauko da taɓarya daga rufin ɗaki, ya kai kwanukan Habiba wajen maƙeri aka buge lotsawar. Aka cire gyaɗa, aka yi sussuka, wasu zantukan suka zo suka danne nasa. Sannu a hankali sunan ya kwanta. Habiba ta yi ta sa ƙawayen uwarta suna ba da baki, har Hajja Kaka ta sauko ta aika a ce masa ya zo.

Ya zo da hantsi cikin wankakkiyar riga, ya zauna kan dakalin ƙofar gida yana jira, zuciyarsa fari ƙal. A cikin zaure Habiba ta ɗora ƙunshin kayanta a ka, uwarta na yi mata nasihar sallama. Sai ga wani baƙo, mai sayen gyaɗa daga Babura, ya yi sallama ya zauna gefensa don ya sha inuwa.

"Malam, ashe a garin nan ne aka ce wani marubuci ya kira sunan surukarsa a lasifika?"

Bunu ya kau da kai. "Haka aka ce."

"Ni dai na ce ƙarya ne. Ba a haifi namijin da zai iya wannan ba. A Babura ma cewa ake wani malamin makaranta ne daga Kazaure ya rubuta, shi na nan ɗin karantawa kawai ya yi. Sunan tsohuwar wai Tasalla."

Bunu ya ji kamar an watsa masa garwashi. Ya dubi ƙofar zaure, ya dubi baƙon, ya danne, ya sake dannewa.

"Wane malamin makaranta?"

"Oho. Wani dai mai ilimi."

Bunu ya miƙe tsaye ya bugi ƙirji.

"Ni ne nan na rubuta, ni na karanta, ba wanda ya kama mini ko wasali. Kuma wace Tasalla? Gumsu na ce, da bakin nan nawa. Ka koma Babura ka gaya musu, Gumsu."

Daga cikin zaure aka ji an sauke ƙunshin kaya a ƙasa, tim. Sai muryar Hajja Kaka, ba faɗa ba hayaniya.

"Habiba, kwance kayan nan. Je ki ɗora mana tukunya, rana ta yi."